Duba Tirelar Kwana da Gyaranta, Daga Taya Zuwa Rufi

Tirelar kwana ɗaki ne mai tayoyi wanda ake ƙullawa a bayan mota a ja shi zuwa inda za a yada zango. A cikinsa akwai gado da murhun gas da firji da tankin ruwa, wasu har da banɗaki. A Ingila karaban suke ce mata. A Amurka kuwa, inda aka fi ƙera ta a yankin Elkhart na jihar Indiyana, ta daɗe da zama kayan iyali, kuma daga can da Turai ake samun na hannu waɗanda kan faɗo hannun mutanenmu, ko mazauna can ko masu yo odar motoci ta Kwatano da Legas. Wanda ya saye ta ya haɗa gida da abin hawa a wuri guda, kowanne da irin ciwonsa. Ginin ƙasa yana zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, ita kuwa duk ramin da ta faɗa a hanya sai ya girgiza kowane noti da kowace gaɓar bututu da kowane layin gam da ke jikinta.

Sabon mai tirela yakan fara da buɗe firji da kunna fitilu, domin su ne ido yake gani. A ganina an juya abin ke nan. Kamata ya yi a fara daga ƙasa, daga abin da zai iya halaka mutum a kan kwalta, sannan a hau rufi inda ruwa ke shiga yana cin tirelar a ɓoye, sai daga baya a zo kan wuta da gas da famfo.

Kafin a ɗauki sifana

A ajiye tirelar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a sa weji gaba da bayan tayar da ba za a ɗaga ba. Ƙafafu huɗun nan da ke kusurwoyinta an yi su ne don hana ta rawa idan ana tafiya a ciki, ba su da ƙarfin ɗaukar nauyinta, kuma wanda ya ɗaga ta da su zai lanƙwasa su ko ya murɗe shasi. Jak ana kafa shi ne a ƙarƙashin shasi, a wurin da kamfanin ya nuna, kada a sa shi a tsakiyar aksul, domin aksul bututu ne da kan lotsa. Bayan an ɗaga a tokare da ƙarfen tokara, kuma kada a kuskura a shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

Daga nan a nemi farantin bayani da ke manne a gefen gaba ko kusa da ƙofa. Shi ne zai faɗi iyakar nauyin da tirelar za ta kai da kayanta duka, da girman taya, da yawan iskar da za a ba ta. A kuma tabbatar tun yanzu ko ƙirar Amurka ce ko ta Turai, saboda sun bambanta a birki da boris da ƙwallon ja, wato ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota inda ake maƙala tirela, da ƙarfin wuta, kuma shawarar da ta dace da ɗaya tana iya lalata ɗayar.

Taya

Tayar tirela ba kasafai take suɗewa ba, tsufa take yi. Tana iya shafe wata goma a tsaye rana na dukanta, zanenta yana nan kamar sabo, alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa daga ciki. A gefen kowace taya akwai lamba da ta fara da DOT, kuma alƙaluma huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: idan aka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta kai shekara 5 a fara shirin sauya ta, wadda ta wuce 7 kuwa a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba, har da safaya. A auna iska da safe kafin a motsa, lokacin da tayar take da sanyi. Ƙarancin iska shi ne ke sa taya ta yi zafi ta fashe, kuma idan ta fashe a guje takan yi fata-fata da ƙasan ɗakin da wayoyi da bututun da ke kusa. Yawancin tsofaffin tayoyin Amurka masu alamar ST an yi su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a awa ba. Duk lokacin da aka cire taya aka mayar, a sake ɗaure notocinta bayan tafiyar kilomita 15, a sake bayan 40, a sake bayan 80, domin rim yakan zauna notin ya saki.

Boris

A nan ne ya kamata mai tirela ya zauna ya yi aiki da natsuwa, domin boris ba ya kuka da wuri, kuma ranar da ya kama wuta taya na iya ficewa gaba ɗaya ta bar tirela a kan ƙarfe. A ɗaga tayar, a kama ta sama da ƙasa a girgiza. Idan tana wasa sosai, ko aka juya ta aka ji gurnani kamar ana niƙa tsakuwa, boris yana neman a duba shi. A ƙirar Amurka ƙa'idar da masu ƙera aksul irin su Dexter suka bayar ita ce a sabunta giris kowane wata 12 ko bayan mil 12,000, wato kusan kilomita 19,000, duk wanda ya riga zuwa.

Ga yadda ake yi. A cire taya, a ɓanɓare hular ƙarfen da ke rufe tsakiya, a miƙe fin ɗin da ya kulle noti a zare shi, a kwance notin, a fitar da washa da boris na waje. Sai a jawo duram ɗin a kife shi, a cire sil na baya, wanda ba a mayar da shi ko da ya yi kyau a ido, a fitar da boris na ciki. A wanke su duka da kananzir a bar su su bushe, sannan a duba ƙwayoyinsu da kofin da suke gudu a ciki a wuri mai haske. Idan aka ga ƙananan ramuka, ko ƙarfen ya yi shuɗi alamar ya taɓa ƙonewa, a sauya boris da kofinsa tare, domin sabon boris a tsohon kofi ba ya daɗewa. Wajen sa giris, a ɗora shi a tafin hannu a riƙa danna bakin boris mai faɗi a kai har sai giris ya ɓullo ta ɗaya gefen, a zagaye shi duka. Shafawa a waje kawai yaudarar kai ce. Kada kuma a gauraya giris iri biyu, wasu ba sa jituwa, sukan tsinke su zama ruwa.

Wurin ɗaure noti ne mutane suka fi yin kuskure, saboda hannun bakanike ya saba da cewa ɗauri mai kyau shi ne mai ƙarfi. A ɗaure notin zuwa kimanin Nm 68 a ma'aunin ƙarfin ɗauri, ana juya duram domin boris ya zauna daidai, sannan a sassauta shi gaba ɗaya ba tare da an motsa duram ba, a mayar da shi da yatsu kawai har ya tsaya, a ɗan koma baya zuwa ramin farko da fin zai shiga, a sa sabon fin. Duram ya riƙa juyawa sakayau, da ɗan wasan da da ƙyar hannu zai ji. Ƙirar Turai ta zamani mai shasin kamfanin AL-KO ba ta bin wannan hanya ko kaɗan: boris ɗinta rufaffe ne ba a sa masa giris, notinsa kuma sau ɗaya ake amfani da shi, ana ɗaure shi har Nm 290, idan an kwance shi sai dai a sayi sabo.

Bayan gyara, a yi tafiyar kilomita 20 a tsaya a kai bayan hannu kusa da tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi ba ne. Amma idan ɗaya ta fi sauran zafi nesa ba kusa ba, to ko noti ya matse ko birki yana kamawa.

Birki da fitilun baya

Tirelar Amurka birkin wuta gare ta. A cikin duram akwai maganaɗisu wanda idan wuta ta zo masa daga na'urar da ke cikin mota sai ya manne da duram, ya ja hannun da ke buɗe lainin birki. Hanya mafi sauƙi ta gwada shi ita ce a cire filogin tirela daga mota, a ɗaga taya a juya ta, wani ya zare fin ɗin makunnin gaggawa da ke kan ƙarfen ja, wato ƙarfen gaban tirela da ke haɗa ta da mota, makunnin da aka yi domin ya tsayar da tirela idan ta kuɓuce. Tayar za ta tsaya cak. A mayar da fin ɗin nan take, domin barinsa a waje yana shanye batir ya kuma gasa maganaɗisu. Tayar da ba ta tsaya ba, a bi wayoyinta, musamman inda suka shiga bayan duram, nan suka fi tsinkewa. Kowane maganaɗisu mai lafiya yana jan kusan amfiya 3. Idan birkin yana kamawa amma ba ƙarfi, a cire ɗan murfin roba da ke bayan farantin birki, a juya ƙaramin gargare mai haƙora da sukundireba har taya ta ƙi juyawa, sannan a sassauta shi kaɗan kaɗan har ta riƙa juyawa da ɗan gogayya. Lainin da giris ya jiƙa ba ya wankuwa, a sauya na ɓangarorin biyu tare.

Tirelar Turai kuwa nauyinta ne ke taka mata birki: idan mota ta rage gudu, tirela ta tunkuɗo gaba, sai ƙarfen ja ya shige ciki ya ja sandar birki. Idan aka ji tana dukan bayan mota duk lokacin da aka taka birki, ɗan shokobzoban da ke cikin ƙarfen ja ya mutu.

Game da fitilu, idan sigina ta kunna fitilar da ba tata ba, ko duk suka dusashe da zarar an taka birki, kada a ɓata lokaci wajen sauya ƙwai. Kusan kullum wayar atin, wadda ke mayar da wuta ta jikin ƙarfe, ita ce ta yi tsatsa inda aka ɗaure ta a shasi. A kwance ta, a goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a mayar. A kuma tsabtace bakin filogi, mai ƙafa 7 a Amurka, mai ƙafa 13 a sababbin na Turai.

Ƙwallon ja da rabon kaya

Ƙwallon ja na Turai milimita 50 ne. Na Amurka iri uku ne: inci 1 da 7/8, inci 2, da inci 2 da 5/16. Inci 2 ya kama milimita 50.8, don haka a ido kamar ɗaya suke da na Turai, amma ba a musanya su, kuma kofin da ke bakin ƙarfen ja, idan na inci 2 ne aka ɗora shi a kan ƙwallon inci 1 da 7/8 zai kulle kamar ya zauna, sai an hau tudun rage gudu ya fice. A karanta lambar da aka buga a kan ƙwallon da kuma kan kofin. Bayan an kulle, a murɗa jak ɗin gaba a ga ya fara ɗaga bayan mota, wannan ne shaidar cewa ya kama. Sarƙoƙin tsaro a gicciya su ƙarƙashin ƙarfen ja domin su tare shi idan ya faɗo. Ƙwallo na yau da kullum yana son ɗan giris, amma idan kofin irin na AL-KO ne mai matsewa don hana lilo, giris yana kashe aikinsa, dole ƙwallon ya kasance busasshe.

Lilon tirela a kan hanya yawanci daga lodi yake. A Amurka ana so kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin tirela ya sauka a kan ƙwallon, a Ingila kuma wajen kashi 5 zuwa 7, gwargwadon abin da mota za ta ɗauka. Kaya masu nauyi a ajiye su ƙasa, a kan aksul ko ɗan gaba da shi. A tuna cewa kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ce, cikakken tanki mai lita 150 a bayan aksul ya isa ya sauya halin tirela. Idan lilo ya fara, a ɗage ƙafa daga totur a riƙe sitiyari a miƙe, kada a danne birkin mota, mai birkin wuta kuma ya matsa na tirela kaɗai da hannu.

Rufi da yoyo

Tirelar da aka jefar a bola, da wuya a ce taya ko birki ne suka kai ta can. Ruwa ne. Bangonta siriri ne, fatar alminiyum ko faiba a waje, soso ko auduga mai hana zafi a tsakiya, siririn filawud a ciki, kuma a yawancinsu ƙashin ginin katako ne. Duk inda aka huda rufi ko bango domin taga, ko bututun iska, ko eriya, ko na'urar sanyaya ɗaki, gam ne kaɗai ya tsaya tsakanin ruwan sama da wannan katako. Gam kuwa rana tana busar da shi, girgizar hanya tana tsaga shi. Abin da ya sa yoyon tirela ya fi na gida muni shi ne ba ya ɗiga a ka balle a sa bokiti. Yana bin cikin bango ya gangara ya taru a daɓe, ya yi shekara yana ruɓar da katako kafin tabo ya bayyana, kuma inda tabon ya fito sau da yawa yana da nisa da inda ruwan ya shiga.

A fara bincike daga ciki, da hanci. Ɗakin da ya kwana a rufe idan aka buɗe shi aka ji warin fumfuna, akwai danshi, kuma idan mai sayarwa ya cika shi da turare kafin ka iso, wannan ma bayani ne. A buɗe kowane kabad na sama a haska kusurwoyinsa da tocila, a danna bango da babban yatsa a ƙarƙashin kowace taga, a taka daɓe a bakin ƙofa da gindin banɗaki da kusurwoyi huɗu. Wurin da ya lotsa kamar burodi ya riga ya ruɓe. A waje, a tsaya a gefen tirela da hantsi ko da la'asar a kalli bangon a karkace: idan faiba ta kumbura ko ta yi tudu da kwari, ta rabu da filawud ɗin da ke bayanta. Ƙaramar mitar auna danshi ta cancanci kuɗinta. Masu duba karaban a Ingila suna ɗaukar abin da bai kai kashi 15 ba a matsayin lafiya, daga 15 zuwa 20 a sa ido, abin da ya haura 25 kuwa ruwa yana shiga.

Idan ba a gano ƙofar ruwan ba, mutum ɗaya ya zauna a ciki, ɗaya ya riƙe tiyo a waje ya fara zuba ruwa daga ƙasa, taga ɗaya bayan ɗaya, yana ba kowane wuri minti biyar zuwa goma kafin ya matsa sama. Wanda ya fara daga rufi ya jiƙa ko'ina, ba zai san ta inda ya shiga ba.

Kafin a hau rufi a tabbatar an yi shi don a taka, idan ba haka ba a shimfiɗa falanki a raba nauyi. A gane kuma da me aka yi shi: robar EPDM, ko TPO, ko faiba, ko alminiyum. Rufin roba ba ya shiri da fetur ko kananzir ko duk wani abin wanki mai man fetur a ciki, yana sa shi ya kumbura ya saki, ruwa da sabulu mai laushi sun isa. A bi kowane layin gam da yatsa. Wanda ya tsage ko ya ɗago a kankare shi da abin kankara na roba, a goge wurin ya bushe sarai, sannan a zuba sabo. A shimfiɗaɗɗen wuri ana amfani da gam mai bazuwa da kansa, irin na Dicor, wanda ke malala ya rufe kan sukurori, a jikin bango kuma sai wanda ba ya zuba. Yagewar roba ko doguwar gaɓa ana rufe ta da tef irin na EternaBond, a danne shi da abin murzawa sosai domin dannawar ce ke sa shi kamawa.

Silikon ɗin da ake sayarwa a shagon kayan gini shi ne jarabar da ya kamata a guje wa. Yana da arha, yana kyau a ranar farko, amma yakan saki daga gefe ruwa ya bi ƙarƙashinsa, kuma babu wani gam da ke kama wurin da ya taɓa zama, har shi kansa. Taga mai yoyo ma ba a gyara ta da shafe-shafe daga waje. A kwance sukurorin zoben ciki, wani ya tare ta a waje, a fitar da ita, a kankare tsohon abin da ke bayan firam, a zagaya sabon tef na butil, a mayar a ɗaure sukurori bi da bi har butil ya ɗan matso waje, a yanke rarar.

Inda katako ya riga ya ruɓe, a fara toshe yoyon, a buɗe wurin a bar shi ya bushe kwanaki, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ga mai lafiya, a dasa sabo a haɗa da gam da sukurori. Ɗora sabon filawud a kan jiƙaƙƙe rufe ciwo ne da ƙuda a ciki. A duba rufi kowane wata uku, kuma lallai kafin damina.

Wuta

Wuta iri biyu ce a tirela. Akwai ta batir mai bolt 12 da ke riƙe fitilu da famfo da allon sarrafa firji, akwai kuma ta waje da ke riƙe soket da na'urar sanyaya ɗaki, a tsakaninsu akwai caja da ke mayar da ta waje zuwa ta batir. Idan abubuwa da yawa suka rikice lokaci guda, a fara da batir. Batir mai ruwa da ya huta, idan ya cika zai nuna kusan 12.6, idan ya sauko wajen 12.1 ya kai rabi, kuma yawan wuce rabi yana gajarta ransa. A haɗa wutar waje a sake aunawa: ya kamata a ga 13.6 ko sama. Idan lambar ba ta motsa ba, a duba manyan fis guda biyu da ke jikin caja, waɗanda kan ƙone idan an taɓa juya kan batir. Wannan kuskure yana yawan faruwa saboda a tirelolin Amurka da dama baƙar waya ita ce mai wuta, fara kuma ita ce atin, saɓanin abin da mai gyaran mota ya saba. A ɗauki hoto kafin a kwance. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa. Batirin litiyom kuma ba a cajinsa idan sanyi ya kai ƙanƙara.

Ga wanda ya kawo tirelar Amurka gida, a nan babban haɗari yake: kayanta na bolt 120 ne, wutar Najeriya da Nijar kuwa ta 220 zuwa 230 ce. Haɗa ta kai tsaye da wutar gida ko janareta zai ƙone caja da duk abin da ke kan layin cikin ƙiftawar ido. Sai an sa taransifoma mai rage wuta wadda ta isa nauyin kayan, ko a sauya kayan gaba ɗaya. Ta Turai ba ta da wannan matsala.

Gas da firji

Gas ya fi iska nauyi, idan ya zube yana kwanciya a daɓe, shi ya sa na'urar jin warinsa take ƙasa kusa da ƙafa. Ita da na'urar gano hayaƙi mai kisa marar wari suna da wa'adi, shekara 5 zuwa 7, an rubuta a bayansu. A buɗe tukunyar gas a shafa ruwan sabulu a kowace gaɓa, inda ya yi kumfa akwai yoyo, kuma ba a neman yoyo da ashana. Tiyo da ya bushe ya tsage a sauya shi. Regileta, wato abin da ke rage ƙarfin gas, ta Amurka tana ba da kusan miliba 28, ta karaban ɗin Turai na zamani miliba 30, ba a sa kowace aka samu a kasuwa. Harshen wuta shuɗi ake so. Idan ya yi rawaya yana baƙanta tukunya, ko tukunyar dafa ruwa ta yi ta ƙyasta ba ta kama ba, a leƙa bututun murhun, domin gizo-gizo da zanzaro suna son yin gida a ciki. A share da siririn buroshi, amma kada a soka allura a ramin da gas ke fitowa, faɗaɗa shi kaɗan ya isa ya lalata shi. Aikin da ya wuce wannan a bar wa mai takardar aikin gas.

Firjin tirela na gargajiya ba shi da kwamfireso, zafi ne ke zagaya da ruwan amoniya a cikin bututu, saboda haka dole tirela ta zauna daidai idan yana aiki a tsaye. Barinsa yana aiki a karkace yana toshe bututun har abada. Yana ɗaukar awa 8 zuwa kwana guda kafin ya yi sanyi, don haka a kunna shi tun daren jiya kafin a ce ya lalace. Idan yana aiki da gas ba ya aiki da wuta, ko akasin haka, gyaran ƙarami ne. Idan aka ji warin amoniya ko aka ga garin rawaya a bayansa, a kashe shi nan take, ya fashe kuma yana iya tayar da gobara. A ƙasa mai zafi irin tamu, ƙaramar fanka mai bolt 12 da za ta riƙa fitar da zafi ta ramin iskar bayansa tana taimaka masa ƙwarai.

Famfo da ajiya

Famfon ruwa, wato injin da ke tura ruwan, yana tashi ne idan an buɗe kan famfo ya tsaya idan an rufe. Idan ana jin yana tashi shi kaɗai cikin dare, akwai inda ruwa ke zuba. Idan yana ta gudu ba ruwa, a wanke ƙaramin rariyar da ke bakinsa a duba ko yana shaƙar iska. Ruwan waje a sa masa abin rage ƙarfi zuwa psi 40 ko 50. Ana wanke tanki da bilic marar ƙamshi, kimanin mililita ɗaya ga kowace lita, a tura shi cikin dukkan bututu, a bar shi awa 4, a zubar a ɗauraye. Kada a kunna hitar tukunyar ruwa babu ruwa a ciki. Ta kamfanin Suburban tana da sandar ƙarfe da tsatsa ke ci a madadin tukunyar, a duba ta duk shekara. Bawul ɗin tankin bayan gida a bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, a zubar da shi da farko, sannan ruwan wanka ya biyo ya wanke tiyon.

Mazauna ƙasashen sanyi su zubar da ruwa duka kafin hunturu, domin ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ya fasa bututu da famfo. Maganin daskarewa mai ruwan hoda na tirela ake zubawa, na lagireton mota guba ne. Wajen ajiya a cire kan batir, a rufe tukunyar gas, a bar ƙofar firji a ɗan buɗe, a rufe tayoyi daga rana, a toshe ramukan ƙasa da audugar ƙarfe saboda ɓeraye. Tirela mai rufin tanti da ake naɗewa kada a naɗe ta a jiƙe, idan dole ta sa a buɗe ta washegari ta sha rana. Inda gara take kuma, kada a bar katako ko kwali ya haɗa ƙasa da cikin tirelar, a ajiye ta a kan daɓen siminti, a riƙa leƙa ƙarƙashinta kowane mako biyu lokacin damina.